Wa Za Ta Yi wa Gwaggo Guɗa?

Ni ce na tara mutane a gidan Gwaggo ranar da za a karanta sunayen waɗanda suka shiga takarar kyautar finafinai ta wannan shekarar, kuma ni ce na yi sati biyu ina cika baki a gari cewa sunanta na ciki. Ba wanda ya gaya mini. Ban san kowa a cikin alƙalan ba, ban ma san a wace unguwar Yamai suke zama ba. Na dai kalli wasan da ta yi, na ce in dai mutanen nan da ido suke kallo ba da ƙeya ba, to magana ta ƙare. In faɗa tun yanzu don kada wani ya zauna jira: kyautar ba ta zo Filinge ba. Abin da ya faru tsakanin la'asar ɗin Asabar da magaribar Lahadi shi ne labarina.

Gwaggo yayar babana ce. Daga wani ƙauye na cikin Kurfai ta dawo Filinge bayan rasuwar mijinta, ina goye a lokacin, babana ya yi mata ɗaki biyu a bayan gidanmu aka zagaye da zana. Tun da na buɗe ido Gwaggo nake ji ana ce mata. Babana da innata Yaya suke cewa, sauran gari kuwa, daga mai furfura har wanda ya fara koyon magana, Gwaggo. Sana'arta kopto, zogalen nan da ake dafawa a kwaɗa da ƙuli da yaji, tana kai shi bakin kasuwa a babbar roba. Amma da guɗa aka fi saninta. In an haihu, in an ɗaura aure, in ɗan wani ya ci jarrabawa ko alhaji ya sauka lafiya, ba a cewa an yi murna sai Gwaggo ta zo ta kama hanci. Guɗarta siririya ce, doguwa, takan hau sama ta karye sau uku kafin ta sauko, mata a bakin famfo su ajiye bokiti suna tambayar juna gidan wa ne. Doka ɗaya gare ta, ta kuma sha faɗa mana ita: mai guɗa ba ta yi wa kanta. Ko ranar da aka aurar da autarta zama ta yi ta naɗe hannu, wata maƙwabciya ta yi abin da ta iya.

Ni ban gaje ta ba. Na gwada ina yarinya, ta saurara har na gama, sannan ta ce a je a duba ko akuya ce ta maƙale a zana. Tun daga ranar na bar wa masu abu abinsu, na kama karatu har na zama malamar lakwal, wato makarantar boko. Abin da Allah ya ba ni baki ne, kuma bai haɗa mini da birki ba.

Masu fim ɗin sun zo ne bayan an gama yankan hatsi, rumbuna sun cika, mutane sun sami sararin kallon abin da bai shafe su ba. A mota biyu suka zo daga Yamai, da kyamarori, da wata doguwar sanda mai gashi a kai ta ɗaukar murya. Fim ne mai dogon zango na talabijin, labarin wani saurayi da ya tafi cin rani bakin teku ya shekara bakwai ba aike ba labari. Ba gidan da bai san irin wannan labarin ba a Kurfai. Ranar da za su ɗauki wurin biki suka nemi mata su cika fage, aka ce musu ai bikin da ba Gwaggo ba biki ba ne. Ta zo da robar koptonta a ka, ta sauke, ta kama hanci. Daraktan, wani siriri mai tabarau, ya cire abin da ke kunnensa ya tsaya yana kallonta. Ashe matar da za ta fito a uwar saurayin ciwon ƙafa ya tsare ta a Yamai, sun gaji da jira. Kafin rana ta faɗi daraktan yana zaurenmu yana gaida babana.

Gwaggo ta ce atafau ba da ita ba.

"Ni da tsuhwana in shiga wasan yara? Mi za a ce da ni?"

Kwana uku na yi ina bin ta. Ta tafi famfo ina biye, ta zauna tsinkar zogale ina gefe, har ta ce ta yarda don in bar kunnenta ya huta. Maganar takardu babana ne ya yi da su, ina aji lokacin. Shi ya kai musu kardantite ɗinta, wato katin shaida, suka kwafi abin da za su kwafa, ya dawo da shi ya adana.

Akwai wuri ɗaya a fim ɗin da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi, wurin da saurayin ya dawo gida. Ina tsaye a bayan kyamara ranar. Daraktan ya ce wa Gwaggo in ta ga ɗan ya shigo ta yar da abin da ke hannunta, ta ruga ta rungume shi tana kuka. Ta tambaye shi ɗan nan na nawa ne a wurinta. Ya ce na fari. Ta yi dariya.

"Ɗan hwari? Yaro, mu nan uwa ba ta kallon ɗan hwari, ko daga lahira yad dawo. Bar ni in yi irin tamu."

Ya bar ta. Saurayin ya yi sallama ya shigo da jakarsa, ita tana zaune tana tankaɗe. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce da yarinyar gidan a ba baƙo ruwa, ta ci gaba da tankaɗenta, sai dai hannun ya ƙi tsayawa daidai, garin yana zuba a ƙasa gefen ƙwarya ba ta lura ba. Iyakar wasan ke nan. Mai riƙe da sandar nan, ƙato da shi, na ga yana share ido da kafaɗa.

Da aka fara nuna fim ɗin, Filinge ta rasa wata hira sai tasa. In Gwaggo ta je cin kasuwar Bankuku mata na taɓa juna suna nuna ta da baki, koptonta kuwa tun da hantsi yake ƙarewa. Mun so kowa a fim ɗin ban da mace ɗaya, wata ƴar Yamai da ta fito a maƙwabciya mai hannu da shuni. Jan-baki har a wurin ta'aziyya, ga zare ido, ga ihu, kowace magana sai ta dafe ƙirji. Ba mu san sunanta ba, ba mu kuma nema ba, don rubutun nan da ke gudu a ƙarshen fim ba mai karanta shi, lokacin ne kowa ke miƙewa yana gardama. Mai jan-baki muke ce mata.

Sai labari ya zo ta waya cewa za a raba kyaututtuka ga finafinan shekara, kuma kafin nan za a fara karanta sunayen waɗanda aka zaɓo su yi takara, biyar biyar a kowane fanni. A ciki akwai fannin macen da ta fi iya wasa a matsayi na biyu, wato wadda ba ita ce jarumar fim ba amma ta riƙe shi. Ina ganin haka na buga tebur a ɗakin malamai na ce wannan na Gwaggo ne. Na faɗa a lakwal, na faɗa a bakin famfo, na faɗa wa telan unguwarmu, wanda faɗa masa daidai yake da kai sanarwa gidan rediyo. Telan nan sarkin gardamar fim ne, kekensa na tafiya bakinsa na tafiya, kuma kullum yana da nasa zaɓin da ya fi na kowa. Shi ya kawo shawarar anko. Kafin sati ya zagayo mata goma sha wani abu sun yanki atamfa iri ɗaya, shuɗiya mai zanen ganye.

Gwaggo tun farko cewa take mu rabu da ita da shirmenmu. Amma wata Alhamis na shiga gidanta na tarar ta fito da zanen saƙi da ke ƙasan akwatinta, wanda ban taɓa ganin ta ɗaura ba, ta shanya a igiya yana shan iska. Ta ga na gani, ta ce ƙwari take gudu. A nan gabana ya fara faɗuwa. Matar da ba ta taɓa sa rai da komai daga hannun kowa ba na sa ta ta sa rai, na kuma sa gari duka ya zuba mata ido. In sunan nan bai fito ba, ni ce na kunyata ta, ba alƙalan Yamai ba.

Ranar Asabar ɗin babana ba ya nan. Dillalin dabbobi ne, tun da safe ya bi motar raguna zuwa Baleyara don kasuwar Lahadi ta same shi a can. Mu kuwa muka ciccibo talabijin ɗinmu muka aza kan tebur a gindin dogonyaron Gwaggo, aka jawo wayar wuta daga gidanmu ta kan zana. Mata a tabarmi cikin anko, maza a benci daga bakin ƙofa suna leƙe. An yi fankasu, wata maƙwabciyarmu Bazabarma ta kawo lemu-hari, abin shan nan na lemo da citta, mai sanyi cike da bokiti. Gwaggo ta fito ɗaure da zanen saƙin nan, ta jawo kujera ƴar tsugunno ta zauna can gefe kamar ba don ita aka taru ba.

Bayan la'asar wani mutum mai farar riga ya bayyana zaune a bayan tebur, takardu a gabansa. Ba hoto, ba guntun fim, sunaye kawai yake karantawa, da Faransanci sannan ya maimaita da Hausa. Ya fara da fim mafi kyau. Na ɗaya ba namu ba, na biyu ba namu ba, a na uku ya faɗi namu. Kafin ya rufe baki Gwaggo ta kama hanci. Kaji suka watse, maza suka manta da benci suka shigo har tsakar gida, ni kuwa na rungume Bazabarmar nan har lemu-hari ya zube mana a anko. Aka zo kan daraktoci, siririn nan mai tabarau yana ciki. Guɗa. Aka zo kan jarumai maza, saurayin da ya fito a ɗanta yana ciki, shi kam kowa ya san sunansa don ƴan mata sun cika wayoyinsu da hotonsa. Guɗar da ta yi masa sai da ta karye sau huɗu, na ƙirga.

Ana cikin wannan murna sai tela ya miƙe yana kumfar baki, wai wani fim ɗin barkwanci na gabas da yake mutuwar so bai shiga ko fanni ɗaya ba.

"Wanga zalunci na! Fim ɗin da yas sa ni dariya har nib ɓata wuyan riga? Mutanenga ba su son talakka shi yi dariya!"

"Zamna, tela," in ji mahaucin unguwa. "Fim ɗinka ko bisa kyauta ban kallo nai."

Suka tasar wa juna, kowa na samun magoya baya, sai da innata ta daka musu tsawa ta ce su rufa mana baki, an zo wurin.

An zo wurin kuwa. Mutumin ya juya takarda. Ya karanta suna na ɗaya da fim ɗin da ta fito. Na biyu. Na uku. A na huɗu ya faɗi sunan wata mace da sunan ubanta, ya ce daga fim ɗinmu. Sunan ba baƙo ba ne, a ajina kaɗai akwai yara uku masu shi, na uban ma ba unguwar da ba a samunsa. Amma ba mu san mai shi ba. Ya karanta na biyar, ya juya takarda ya wuce abinsa.

Sai tela ya daka tsalle.

"Mai jan-baki ta! Wallahi ita ta! Sun ba ɗiyar garinsu!"

Na juya na dubi Gwaggo. Hannunta da tun ɗazu yake kusa da hanci ya sauka a cinya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta zauna haka ɗan lokaci, sannan ta miƙe a hankali ta shige ɗaki ta saki labule. Abin da ya tokare mini ƙirji ban taɓa jin irinsa ba, kunya ce haɗe da baƙin ciki. Ni kuma duk abin da ya shige ni ta baki yake fita, kuma da zafinsa yake fita.

Na tsaya a tsakar gidan, taku uku daga labulen, na danna wayata na fara ɗaukar murya.

"Jama'ar Kurhwai, ku ji abin da anka yi muna!" Na kira sunan nan da ƙarfi. "Wa ta ta? Wa yas san ta? Mi tay yi cikin fim ɗinga in ba ihu da jan-baki ba?"

Na sake kiran sunan, na ja tsaki. Na ce mai wannan suna ba ta san kunya ba, ba ta san yadda uwa ke zama ba, ko rariya aka miƙa mata ba ta san ta ina ake riƙewa ba. Na ce da sunan da mai sunan su zo Filinge su koyi wasa a wurin mai kopto. Mata na ba ni amshi, tela na cewa in ƙara. Minti shida na yi ban haɗiyi yawu ba. Na tura wa gurup ɗin malamai, na tura wa na ƴan Kurfai mazauna bakin teku, na tura wa duk wanda lambarsa ke cikin wayata.

Da safe na tarar amsoshi sun cika wayar. Wani daga Abijan ya ce a rubuta takardar koke kowa ya sa hannu. Wata ta rantse ita da kallon bikin kyautar har abada. Wani tsohon abokin karatuna ya ce dama mu na karkara sai a ɗauki rumbunanmu a hoto a manta da masu su. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, daɗi nake ji, don fushin da jama'a ke taya ka yana da zaƙi. Gidan Gwaggo kuma ya koma gidan jaje. Matan da suka sha anko jiya yau sun sa tsofaffin kaya, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya su durƙusa su ce ya haƙuri. Bazabarmar nan ta riƙe mata hannu tana ta "kala suru, Gwaggo, kala suru," wato sai haƙuri. Ita tana zaune tana tsinkar zogale, ko kasuwa ba ta je ba, amsarta ɗaya ce ga kowa: "To, madalla."

Sau ɗaya ta ce wani abu daban, da ta ji na sake ɗauko zagin.

"Ɗiyata, ki bar baiwar Allah hakanan. Ba ki san ta ba."

"Na san ta, Gwaggo! Kowa ya san ta!" Na sake kiran sunan, na haɗa da na uban.

Ta dube ni, leɓenta na rawa, ta sunkuyar da kai kan zogalenta. Na ce a raina kuka take haɗiyewa, fushina ya daɗa hawa.

Babana ya dawo da yamma liƙis, rana ta yi ja, yana warin raguna. Ya zauna a zaure innata ta kawo masa ruwa a kwano. Ban bari ya huta ba. Na ce masa an ci amanar Gwaggo, na kunna masa muryata don ya ji yadda na rama mata. Ya kai kwanon baki ke nan sunan ya fito daga wayar. Ya sauke kwanon bai sha ba.

"Kashe abinga."

Na kashe.

"Mutumin tele shi yah hwaɗi sunanga?"

Na ce shi ne, har da na uban.

Ya tashi ya shiga ɗakinsa, na ji yana buɗe ƙaramin akwatin ƙarfen da yake ajiye takardu. Ya fito ya miƙo mini kati. Hoton Gwaggo ne, da kallabi, tana hararar mai ɗauka. A gefen hoton ga sunan da na wuni biyu ina ja wa tsaki, ga na uban a ƙarƙashinsa.

Sunan kakarsu ne, in ji shi, uwar babansu. Tun ranar da aka raɗa shi babansu bai iya kiransa ba, Uwata yake ce mata. Innarsu kuwa ina ita ina kiran sunan surukarta. Ƙanne suka taso suna Yaya, muka zo muka ɗora Gwaggo. Kakan nawa ma, da ya rasu ba a haife ni ba, da laƙabi na san shi, ban taɓa tambayar sunansa na yanka ba. Babana ya yi duk bayanin nan bai furta sunan ko sau ɗaya ba. Ni malamar lakwal, mai kiran sunayen yara kowace safiya ɗaya bayan ɗaya, sai a lokacin na tambayi kaina wane suna ne ma nake jira mutumin nan ya karanta. Wallahi Gwaggo nake jira ya ce.

"Sau nawa kinka hwaɗe shi?" in ji babana.

Na ce ban ƙirga ba.

"Gabanta?"

Na ce gabanta. Ya girgiza kai, sai kuma na ga gemunsa na motsi, dariya na neman ƙwace masa, idonsa kuma ya kawo ruwa.

"To ashe Yaya ta shiga," ya ce a hankali. "Ashe ta shiga."

Muryar da na tura kam ta riga ta tafi, magana zarar bunu ce. Sati guda na yi ina bin ta da ban haƙuri, har yau ƴan Abijan in sun zo ganin gida sai sun kunna mini ita. Amma a lokacin ba ita na tuna ba. Da katin a hannu na ruga, ko takalmi ban tsaya sawa ba.

Akwai sauran mata biyar ko shida a tsakar gidan, masu jajen ƙarshe. Na zube a gaban Gwaggo, murna na tura ni, kunya na danne ni, na rasa da wace zan fara.

"Gwaggo, ke ta! Sunanki na! Don mi ba ki hwaɗa ba?"

Matan suka dubi juna. Ita ta ture robar zogalen gefe.

"In ce mi? In miƙe cikin taro, ga maza ga ɗiya, in ce ni ta? Ke kinka yi ta yabona don ban kalli ɗan hwari ba. Yanzu so kike in yi ma kaina shela?"

Na ce ta yafe mini zagin da na yi, ta yafe mini kiran sunan. Ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

"Zagin bai dame ni ba, har dariya yab ba ni. Sunanga, ɗiyata, sau ukku anka kira shi da ni sani. Ran suna, ban da wayo. Ran ɗaurin armena, ina ƙuryar ɗaki. Ran yin karti, wani ma'aikaci yak kira shi, ko dubana bai yi ba. Na aza ba a koma kira nai sai ran da anka shimhiɗe ni gaban liman. Sai ga mai hwarar riga ya kira shi, duniya duk na ji."

Ta gyara mayafinta, ta dubi labulen ɗakin.

"Na shiga ɗaki don kar a ga huskata. Ina bayan labule ina saurare, in ji wa za ta yi mani guɗa."

Kowace mace da ke wurin, Gwaggo ta taɓa yi mata guɗa, wata ranar aurenta, wata ranar haihuwarta, ni ranar da sakamakon jarrabawata ya fito. Jiya kuma mun zauna mu fi goma cikin anko, aka kira ta a gaban duniya, muka saka mata da tsaki.

Ba a kai ga kiran salla ba tukuna. Na miƙe, na kama hancina yadda na ga tana yi, na cika ƙirji na saki. Akuyar nan ce dai da ta maƙale a zana, duk shekarun nan ba ta fita ba. Ta karye tun ba ta hau ba, na sake ɗaukowa. A ta uku Bazabarmar ta shigo da tata, sai innata daga bayan zana, sai sauran matan, sai wasu daga gidajen da ba su ma san abin da ya faru ba. Na jiyo tela yana tahowa a guje yana tambayar wa ta haihu.

Gwaggo ba ta kama hanci ba. Ta zauna ta naɗe hannu kamar ranar auren autarta, hawaye na bin kumatunta, wannan karon ba ta ja mayafi ba. Da na tsaya in ja numfashi ta ɗago ta dube ni.

"Muni gare ta," ta ce. "Ƙara."